"KOMAI-DA-RUWANKA": ZAGI NE KO YABO?



A zamanmu na ƙarshen watan jiya wata 'yar magana ta taso wadda ta cinye mana kusan awa guda, alhali ba ta cikin abubuwan da muka tsara tattaunawa. Muna cike rajistar sana'o'in 'yan ƙungiya ne, aikin da aka ɗora wa ofishin sakatare, domin mu san wa ya iya me, in aiki ya samu mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Da aka zo kan wani matashi aka tambaye shi sana'arsa, ya ce walda. Kafin biro ya taɓa takarda ya ƙara da cewa yana haɗa sola, yana gyaran injin ban ruwa, da damina kuma yana gona. Sai wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya yi dariya ya ce, "Sakatare, kada ka ɓata takarda, rubuta komai-da-ruwanka kawai."

Ɗaki ya ɗauki dariya, ban da yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ni fa ba shisshigi nake yi ba. Duk abin da na lissafa, zama na yi a ƙarƙashin wani na koya." Dattijon ya ce, "Haba ɗana, ai yabonka na yi." Nan fa zama ya rabu biyu. Wasu suka ce kalmar yabo ce, wasu suka rantse zagi ce da aka lulluɓe da raha.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu ɗauke ta zuwa wannan shafi ba. Abin da ya sa muka kawo ta shi ne akwai shawarar da ke gabanmu a zama mai zuwa: wasu 'yan uwa na ganin ɗan kuɗin da muke tarawa don tallafa wa matasa su koyi sana'a, a hana shi duk wanda ya riga ya iya wata sana'ar. Hujjarsu ita ce kada mu riƙa ƙera 'yan komai-da-ruwanka da kuɗinmu. Ashe ke nan yadda muka fahimci kalmar nan zai yanke wa wasu yaranmu hukunci. Don haka ya kamata mu zauna da ita mu dube ta da kyau.

DAGA INA KALMAR TA FITO?

Ruwan da ke cikin wannan kalma ba na sha ba ne. Shi ne ruwan da ke cikin "ina ruwanka?" da "ba ruwana" da "da ruwansa a maganar nan". Wato abin da ya shafe ka, abin da kake da hannu a ciki. In aka ce wa mutum komai da ruwanka, ana nufin babu wani abu da za a taso da shi ya ce ba ruwansa.

Hausa ta saba ɗaukar zance guda ta dunƙule shi ya zama suna. Haka muka samu faɗi-ka-mutu, da ka-fi-zabo, da dafa-duka, da a-ci-balbal. Alamar da ke nuna cewa wannan ma ta dunƙule ita ce, ko mace ake nufi sai ka ji an ce 'yar komai-da-ruwanka, ba a damu da sauya "ka" ɗin ba.

To daga nan ne fuska biyu ta samu. Mutum na iya samun ruwa a komai don ya iya komai ɗin, ana kiransa ana neman sa. Yana kuma iya samun ruwa a komai don shi yake cusa kansa ba a kira shi ba. Ku saurari yadda muke amfani da ita. Ɗan ƙwallon da zai tsare baya yau, gobe a sa shi tsakiya ya yi kyau, ɗan komai-da-ruwanka ne, kuma kowane koci na son sa. Shagon da za ka samu sukari da ƙusa da batir da littafin rubutu, shagon komai-da-ruwanka ne, kuma shi ke ceton unguwa da dare. Amma maganin da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa, wanda wai yana maganin basir da hawan jini da ciwon ido da shawara duk a kwalba ɗaya, shi ma maganin komai-da-ruwanka ne, kuma mai hankali ba ya kai shi bakinsa. Kalma ɗaya, amma murya da wurin da aka faɗe ta su ke nuna inda aka dosa.

Abin da muka lura da shi shi ne, harshenmu yana da kalmomin yabo masu yawa ga wanda ya nutse a abu ɗaya. Muna da gwani, muna da ƙwararre, a karatun allo har muna da gangaran. Ga wanda ya haɗa ilmomi da yawa kuwa, malamai sukan ce mutafannini, daga kalmar fanni. Amma ba ka taɓa jin an kira makanike ko tela mutafannini. Mai sana'ar hannu da ya iya abu uku ko huɗu, kalmar da ta rage masa ita ce wannan mai fuska biyu. Shi ya sa yaron nan ya ji zafi, shi ya sa kuma dattijon ya yi mamakin jin zafinsa. Kowannensu da gaskiyarsa.

Matsayinmu a nan shi ne: a bar wa kalmar fuskarta ta yabo. Ɗaya fuskar tana da sunayenta da Hausa ta riga ta tanada, kuma sun fi dacewa da ita: shisshigi, katsalandan, karambani, da babbansu, ɗan ba-ni-na-iya.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR NAN

Masu cewa iyayenmu sana'a ɗaya suka sani, su sake tunani. Damina a wannan yanki wata biyar ce zuwa shida. In an girbe dawa da masara, an cire gyaɗa, an roro wake, me mutum zai yi da sauran rabin shekara? Tun fil azal Bahaushe manomi ne da damina, da rani kuma maƙeri ne ko majemi ko baduku ko masaƙi ko magini ko falke. Wanda bai da abin yi a gida ya tafi cin rani. Wanda ke kusa da fadamar kogin Yedzaram ya koma noman rani. Ba wanda ya ɗauki wannan abin kunya.

Ku dubi wanzami. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya, shi ke tsaga, a hannunsa ake neman wasu magungunan gargajiya. A zabirarsa guda akwai sana'a huɗu ko biyar. Ku dubi maƙwabtanmu Margi da Higi: a al'adarsu ta dā, gidan maƙera ba ƙira kaɗai suke yi ba, su ne masu kiɗa, su ne masu aikin fata, su ke hidimar jana'iza, matansu kuma su ke ginin tukwane. A Sukur, can saman duwatsun Madagali, wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999, a dā manoma ne ke narka tama in aikin gona ya ƙare, ƙarfen nasu ya bazu har nesa.

A fagen ilmi ma haka ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi mulki, ya jagoranci yaƙi, ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisuri, ya kuma yi rubuce-rubuce kan magani. A nasihar da ya rubuta kan sha'anin mulki, ya ja hankalin shugaba da ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, domin gari ba ya tsayuwa sai da su. 'Yar uwarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka. Abubakar Imam malamin makaranta ne, ya zama marubuci, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, ya kuma yi ɗan majalisa. Wa zai ce waɗannan shisshigi suka yi?

Kada ma mu je nesa. Kowannenmu ya tuna mahaifiyarsa. Da asuba tana tuyar ƙosai, da hantsi tana matsar man gyaɗa tana murza ƙuli-ƙuli, da yamma ga mai kitso zaune a gabanta, a bayan ɗaki ga awaki da kaji, in biki ya taso ita ce mai lalle. Da wannan aka saya wa da yawanmu littafi da takalmin makaranta. Ba mu taɓa jin an yi mata dariya an ce komai-da-ruwanka ba. Cewa ake yi mace ce mai zuciyar nema.

ABIN DA 2014 TA KOYA MANA

Mu mutanen Uba ba ma buƙatar littafi ya gaya mana amfanin sana'a ta biyu. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Uba da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, kowa ya san yadda aka fita. Wasu ta daji zuwa Hong da Gombi har Yola, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru. Wasu sun zauna a sansanin Damare ko Malkohi, da yawa sun raɓe a gidajen 'yan uwa da na mutanen kirki da ba su taɓa saninsu ba. Ba wanda ya ɗauki shagonsa a kai. Ba wanda ya ɗauki gonarsa. Wasu ko takardun makarantarsu ba su tsira da su ba.

Abin da ya bi mutum a wannan tafiya shi ne abin da ke hannunsa da kansa. Mun ga mai babban shagon atamfa, mutumin da ake zuwa gaishe shi da safe, ya wuni zaune a gindin bishiya a Jimeta yana jiran a kira sunansa a layin rabon abinci, domin ban da saye da sayarwa bai san komai ba, jarin kuma ya tafi. Mun kuma ga malamin firamare da ya koyi aski tun yana yaro a shagon kawunsa. Ya ari kilifa da kujera, cikin mako guda yana ciyar da iyalinsa. Mun ga matar da ta ari kasko da murhu ta zauna bakin titi, ta riƙe 'ya'yanta da na kishiyarta har aka dawo. Mun ga direban da ya rasa mota, amma da yake ya taɓa bin magina, ya riƙa ɗora bulo ana biyansa kullum.

Ba muna faɗin haka don mu tona asirin kowa ba ne. Jarrabawa ce da ta faɗa wa kowa, kuma wanda bai iya komai ba a lokacin, ba laifinsa ba ne, ba wanda ya yi tsammanin ranar. Amma yanzu mun san irin ranar tana zuwa, kuma ba kullum da bindiga take zuwa ba. A Yulin 2011 gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri, dare ɗaya 'yan acaɓa suka wayi gari ba sana'a, wasunsu 'yan garin nan ne. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, masu harka da Kamaru ta Mubi suka ji a jikinsu. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun Naira, ƙananan 'yan kasuwa suka rasa ciniki. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, masu Keke Napep da masu injin niƙa da manoman rani da ke ban ruwa da fetur suka koma lissafi daga farko. Kowace daga cikin waɗannan ta kwantar da wata sana'a, ta kuma tayar da wata. Tsadar fetur ɗin nan ita ta sa yau ake neman mai haɗa sola ruwa a jallo. Shi ya sa magabata suka ce sana'a goma maganin mai gasa. Mu a nan sai mu ƙara da cewa maganin ranar da ba a zata ba ce.

MASU ADAWA MA SUNA DA HUJJA

Ba za mu yi wa 'yan uwanmu masu ɗaya ra'ayin rashin adalci ba. Su ma karin magana ke bayansu: taura biyu ba ta taunuwa. Kuma abin da suke tsoro muna ganinsa kullum.

Muna ganin yaron da zai yi wata uku a garejin makanike, ya ga abokinsa na samun kuɗi a gyaran waya ya koma can, bayan wata biyu ya ji ana maganar POS ya nemi a ranta masa jari, shekara ta zagayo yana wurin mai walda yana riƙe ƙarfe. Shekara biyar ta wuce, ya taɓa komai, bai riƙe komai ba. Wannan ruwan ido ne, kuma ƙarshensa biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Muna kuma ganin wanda ya fi wannan haɗari, wanda bai taɓa cewa "ban iya ba". Wani ɗan ƙungiyar nan ya ba wani aikin wayarin na shagonsa, don mutumin ya ce ai duk aikin wuta ɗaya ne, tunda yana gyaran rediyo da fanka. Ya sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri. Wata biyu ba a yi ba shagon ya kama da wuta da tsakar dare, Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba. Wata 'yar uwarmu kuma ta kai ɗanta mai zazzaɓi wani kemis, mai shagon ya yi masa allura a inda bai kamata ba, har yau yaron yana jan ƙafa. Mai kemis ɗin nan lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ke ba irinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, bai ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ko rubuta wa mara lafiya magani ba. Amma a unguwa "dakta" ake kiransa, shi kuma yana amsawa.

To waɗannan su ne suka ɓata wa kalmar suna. Sai dai mu lura, laifinsu ba yawan sana'a ba ne. Mai allurar nan ko sana'a ɗayar da yake taƙama da ita bai san iyakarta ba. Hana yaro mai ƙwazo koyon sana'a ta biyu ba zai rage mana ko ɗan ba-ni-na-iya guda ba. Hasali ma wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin ubangida har aka yaye shi, shi ya fi kowa sanin nisan da ke tsakanin kallo da iyawa.

YADDA ZA MU BAMBANCE SU

A ganinmu tambayoyi huɗu sun isa.

Ta farko: wa ya koya maka? Kowace sana'a da mutum ya lissafa, ya iya nuna ubangidansa a cikinta, mutumin da za a je a tambaya ya ce, "Ƙwarai, yarona ne, ni na yaye shi." Kallon bidiyo a waya yana ƙara wa mai sana'a basira, amma bai isa ya zama ubangida ba, domin waya ba ta duba aikinka ta ce ka warware ka sake.

Ta biyu: ka gama ta farko kafin ka shiga ta biyu? Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci ɗaya, gaskiya ne. Amma ba wanda ya hana ka tauna ɗaya ka haɗiye, sannan ka ɗauki ta biyu. Yaron da aka yi wa dariya a zamanmu, da muka bincika, shekara huɗu ya yi a walda kafin ya taɓa sola.

Ta uku: sana'o'in suna taimakon juna? Sana'a ta biyu mai albarka iri biyu ce. Ko dai 'yar gida ɗaya ce da ta farko, kamar mai walda da ya koyi haɗa sola, shi zai ƙera ƙarfen da za a ɗora faifan, shi zai haɗa, ko tela da ta koyi aikin zare da duwatsu, ko makaniken babur da ya koyi injin ban ruwa da janareta. Ko kuma tana cike lokacin da ta farko ke barci, kamar manomi da ya iya gini ko kafinta, ko malamin makaranta da ke kiwo. Wanda sana'o'insa ke neman sa a wuri biyu a lokaci ɗaya, shi ne kullum shagonsa a rufe, kayan mutane na kwana a hannunsa.

Ta huɗu, wadda ta fi duka: ka iya cewa "wannan ba aikina ba ne, je wurin wane"? Duk wanda bai taɓa mayar da aiki ba, a guje shi. Kuma akwai wuraren da ba a yi musu komai-da-ruwanka ko kaɗan, wuraren da kuskure ɗaya ke cin rai: allura da magani, karɓar haihuwa, wayarin na gida, haɗa tukunyar gas, zuba dakin na bene, birkin motar haya. A nan gwani muke so, mai shaida, ko da sana'arsa ɗaya tak a duniya.

GA 'YAN BOKONMU

Wannan magana ta shafe mu mu ma da muka yi difloma ko digiri. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Mubi wadda aka kafa tun 1979, ga Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi tun 2002, ga Kwalejin Ilimi a Hong. Kowace shekara suna yaye ɗalibai, kuma kowa ya san kujerun gwamnati ba su kai yawansu ba, ko an haɗa na Adamawa da na Borno, tunda garin namu jihohin biyu ya taka. Da yawanmu mun yi shekaru muna yawo da fayil a hammata kafin mu gane cewa riƙe sufana ko almakashi bai goge abin da ke cikin takarda ba. Hasali ma wanda ya yi karatu ya fi saurin rubuta lissafin shagonsa, ya karanta takardar da ke zuwa da inji, ya rubuta takardar neman kwangila.

Wanda ya iya sana'a kuma ba shi da shaida, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya, akwai kuma ta hukumar NABTEB. Wannan takarda ita ce bambancinka da ɗan ba-ni-na-iya a gaban wanda bai san ka ba. Ma'aikatan gwamnati na cikinmu kuma su tuna, dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, amma ta bar masa noma. Ba ma goyon bayan malamin da zai bar aji ya tafi shago, ko ma'aikacin asibitin da zai bar marasa lafiya ya tafi kasuwar shanu. Wannan cin amana ne, ba ya cikin abin da muke yabo.

SHAWARARMU

Game da asusun koyon sana'a, mun yarda wanda ba shi da komai a hannu shi ne kan gaba, musamman marayu da matan da suka rasa mazajensu. Kuɗin kaɗan ne, ba a ba mai ƙoshi a bar mai yunwa. Amma ba mu yarda a rubuta doka ta rufe ƙofa gaba ɗaya ga mai neman sana'a ta biyu ba. A ware musu wani kaso, ko da ƙarami ne, bisa sharaɗi uku: ubangidansa na farko ya zo da bakinsa ya shaida cewa ya yaye shi, sana'ar da yake nema ta dace da ta farko ko ta cike masa rani, sannan ya ɗauki alƙawarin koya wa yaro guda daga cikin 'ya'yan ƙungiya kyauta. Ta haka kuɗin da aka kashe wa mutum ɗaya zai haifi mutum biyu.

Game da rajista kuwa, mun riga mun gyara ta. Kowane suna yanzu yana da layi fiye da ɗaya, kuma gaban kowace sana'a akwai gurbin sunan wanda ya koyar da shekarun da aka yi ana koyo. Wanda ya cike layi huɗu da shaidu huɗu, mu dai a wurinmu komai-da-ruwanka ne na yabo, kuma shi za mu fara kira. Wanda ya lissafa bakwai ya kasa kawo ubangida ko ɗaya, za mu rubuta masa abin da muka tabbatar kawai.

Ga iyayenmu dattawa, muna roƙo da girmamawa: in za ku faɗa wa yaro wannan kalma, ku haɗa masa da "Allah Ya yi albarka", don ya san fuskar da kuka nufa. Yaran yanzu suna da saurin karaya, kuma dariyar babba tana da nauyi. Ga matasa kuma, in an kira ku da ita kada ku ɓata rai. Ku dubi hannunku. In kun san kun zauna kun koya, ku amsa da murmushi.

Shi dattijon da ya fara maganar, bayan an tashi ya ja yaron gefe. Ashe injin ban ruwansa ne ya kwana biyu yana ba shi wahala a fadama, ga albasa tana neman ruwa. Washegari da sassafe aka gan su a kan babur ɗaya, yaron na riƙe da jakar sufanu.

Muna jiran ra'ayoyinku kafin zama mai zuwa, musamman iyaye mata da masu sana'ar da suka yaye yara. Wanda bai cike rajista ba tukuna ya nemi ofishin sakatare.

Allah Ya sa albarka a abin da hannuwanmu suka iya, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.